Baki Ma Jiki Ne: Tiyatar Dasashi da Rigimar Wa Zai Biya

Kawuna mutum ne mai dariya. Duk wanda ya taɓa zama a majalisarsa ta bayan la'asar ya san irin dariyar, wadda yake ƙyaƙyatawa har ya riƙe ciki, haƙorin Makkansa na walƙiya. Sai aka wayi gari Kawu ya koma murmushi, leɓe a rufe. In dariya ta kufce masa, sai ya ɗaga hannun riga ya kare baki kamar sabuwar amarya. Ya daina cin tsire. Goron da ba ya rabuwa da aljihunsa ya koma sai dai ya ɓare ya raba wa jama'a. Mu duk mun ɗauka tsufa ne ya fara sallama, har ranar da na je gaishe shi da sassafe, na tarar da shi a bakin rariya yana asuwaki yana tofar da jini.

"Kawu, tun yaushe?"

"Kai dai bari, ɗan nan. Naman bakin ne ke neman haɗiye haƙoran."

Ya buɗe na duba. Dasashin ya kumbura ya yi tudu-tudu, ya hauro ya rufe kusan rabin haƙoran gaba na ƙasa. Tsakanin kowane haƙori da ɗan'uwansa akwai ƙullutun nama mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa. An gwada ruwan gishiri, an gwada kanumfari, an gwada wata saiwa da abokinsa ya kawo daga ƙauye. Ba abin da ya ragu.

Likitar haƙorin da muka je wurinta ba ta yi gaggawar leƙa bakin ba. Sai da ta tambaya, "Baba, akwai maganin da kake sha kullum?" Kawu ya zaro 'yar ledar da yake ƙulle magungunansa ya zazzage a kan tebur. Ta ɗauki kwali ɗaya, na hawan jini, mai rubutun Amlodipine a jiki, ta jinjina kai. Shekara uku ke nan yana sha, bai taɓa tsallake rana ba. Daga nan ta sa ya jingina a kujera, ta ɗauki wani siririn ƙarfe mai zane-zane kamar ƙaramar rula, tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi tana kiran lamba, ma'aikaciyar jinya na rubutawa: biyar, shida, biyar, bakwai.

Hukuncinta kashi uku ne. Za a fara da wankin haƙori mai zurfi. Za ta rubuta wa likitan da ke duba hawan jininsa takarda, ko zai canza masa magani. In an yi duk wannan naman bai koma ba, sai a yanke wanda ya yi yawa. Kawu ya yi jim, sannan ya jero tambaya biyu, irin waɗanda duk wanda ya taɓa zama a wannan kujera yake yi, a Kano yake ko a New York: "Nawa ne aikin? Kuma katin inshorar nan da ake yankar kuɗinsa a albashina zai ɗauka?"

Ta farko an amsa ta a take. Ta biyun ce ta ci mana makonni.

Abin da ake yankewa

Lafiyayyen dasashi yana rungume da wuyan haƙori ne kamar wuyan riga da aka ɓalla wa maɓalli. Tsakaninsu akwai ɗan rami da zurfinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, wanda buroshi da asuwaki ke iya sharewa. Idan zurfin ya kai milimita 4 ko fiye, to ya zama aljihu. Guntun abinci da ƙwayoyin cuta su taru a ciki, dattin ya daskare kamar siminti, dasashi ya kumbura, kumburin ya ƙara wa aljihun zurfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan sai zubar jini da warin baki, in abin ya daɗe har ƙashin da ke riƙe da haƙori ya fara zaizayewa, haƙori ya soma girgiɗi. A rahotonta na 2022 kan lafiyar baki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1 ne ke fama da matsananciyar cutar dasashi.

Tiyatar rage dasashi, wadda likitoci ke kira jinjibektomi, ita ce yanke bangon wannan aljihu don wurin ya buɗe, mutum ya iya wanke shi da kansa. Tsohon aiki ne, don tun 1884 wani likitan haƙori a Viyana mai suna Robicsek ya bayyana irinsa. Ba a sa mutum barci. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, likita ya yi wa dasashin alama ɗigo-ɗigo daidai gindin aljihun, ya bi alamar da wuƙa a karkace ya cire naman, sannan ya daidaita gefen ya mayar masa da siffarsa ta asali. Wasu likitocin na amfani da na'urar lantarki mai yanka tana toshe jijiyoyin jini, wasu kuma da hasken lesa, wanda ke rage zubar jini amma galibi ya fi tsada. Yawanci ba a ɗinki. Akan liƙa wani abu mai kama da cingam a kan ciwon na kamar mako guda. Fatar sama kan rufe cikin mako biyu, warkewa sosai kuwa sai wata guda zuwa wata ɗaya da rabi.

Likitocin haƙori sun kasa baki gida huɗu: sama dama, sama hagu, ƙasa dama, ƙasa hagu. Da wannan rubu'i-rubu'in ake tsara aiki, da shi kuma ake lissafin kuɗi. Haƙori ɗaya ko biyu aikin 'yan mintoci ne, rubu'i guda kan ci kusan awa ɗaya. Sai dai ba kowane ciwon dasashi wannan tiyata ke yi wa magani ba. In ƙashi ya riga ya zaizaye, sai an ɗaga dasashin an gyara can ƙarƙashi an mayar an ɗinke, wanda wani aiki ne daban, kuɗinsa ma daban.

Maganin da ya tsiro da ciwo

Dattin haƙori shi ne babban mai laifi, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai magunguna jinsi uku da likitoci suka daɗe da sanin suna sa dasashi ya yi tsiro. Na farko Phenytoin, maganin farfaɗiya da aka fara amfani da shi a 1938. Shekara guda bayan haka aka fara ba da rahoton kumburin dasashi a jikin masu shan sa, kuma kusan rabin masu shan sa na tsawon lokaci kan ga wannan alama. Na biyu Cyclosporine, wanda ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko wata gaɓa don kada jiki ya ƙi baƙon da aka sa masa. Wannan ma ba labarin nesa ba ne, tunda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Na uku shi ne dangin magungunan hawan jini irin su Nifedipine da Amlodipine. Kaɗan ne daga cikin masu shan su abin ke samu, amma da yake masu shan suna da ɗimbin yawa, kaɗan ɗin ma jama'a ce. Duk gidan da ke da dattijo mai hawan jini, da wuya a rasa ɗaya daga cikin kwalayen nan a kan durowa.

Akwai sauran dalilai. Yaron da aka ɗaura wa wayar gyaran haƙori na shekara biyu, in bai iya wanke tsakanin wayoyin ba, dasashinsa kan hauro. Mai juna biyu kan ga kumburi da jini, wanda galibi ke saɓewa bayan haihuwa ba tare da wuƙa ba. Akwai na gado. Akwai ɗan naman da ke lulluɓe turmin ƙarshe, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma. A wasu lokuta ƙalilan kuma kumburin dasashi alama ce ta sankarar jini, shi ya sa bai kamata a kai wa wanzami ko mai cire haƙori na kasuwa irin wannan aiki ba.

Abu ɗaya likitar ta nanata wa Kawu har sau uku: kada ya kuskura ya daina shan maganin hawan jini da kansa. Kumburin dasashi damuwa ce, shanyewar ɓarin jiki kuwa masifa ce. Canza magani aikin likitan da ya rubuta shi ne.

To a nan gizo ke saƙar. Likitan jiki ne ya rubuta maganin, inshorar lafiya ce ta biya shi, amma ɓarnar da ya yi a baki ta sauka. Shi kuwa baki, a tsarin inshorar ƙasashe da yawa, kamar ɗan riƙo yake a gidan jiki.

Lissafin Amurka

Babban ɗan Kawu yana tuƙin tasi a New York, yana zaune a unguwar Bronx, inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya suke da yawa. Da na kira shi na ba shi labari, sai ya yi wata dariya mai ɗaci.

"Ƙanina, ai mu ma nan haka muke fama. Bara aka cire wa 'yarka wayar haƙori, naman ya rufe mata haƙoran sama. Da aka yanke shi, inshora ta ce kwalliya ce, ba za ta ba da ko sisi ba."

"Yaya, ba kana biyan su duk wata ba?"

"Ina biya mana. Amma haƙorin dariya shi ke cizo."

Amurka ce ƙasar da wannan lissafi ya fi fitowa fili, don a can inshorar haƙori daban take da inshorar lafiya: kati daban, kuɗin wata daban, sau da yawa kamfani ma daban. Kowane aikin haƙori yana da lamba da Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta tsara. Rage dasashin haƙora huɗu ko fiye a jere cikin rubu'i guda lambarsa D4210. In haƙori ɗaya zuwa uku ne, D4211. In an yanke ne kawai don likita ya samu hanyar yin ciko ko sa wa haƙori hula, D4212. Ma'aikacin kamfanin inshora bai taɓa ganin bakin majinyaci ba. Lambar yake gani, da takardun da aka haɗo da ita.

Farashin da ake yawan ambata shi ne dala 200 zuwa 400 a kan haƙori ɗaya, rubu'i guda kuma kan kai dala 1,000 ko ya haura, gwargwadon gari da likita da kayan aiki. Ƙwararren likitan dasashi a babban birni ya fi likitan haƙori na gama-gari a ƙaramin gari tsada. Wannan kuma kuɗin yanka ne kawai. Ba a sa kuɗin dubawa, da hoto, da wankin haƙori mai zurfi da ake yi kafin tiyata, da magani, da komawa dubiya ba.

Mai katin inshora kuma sai ya bi ta ƙofofi kafin kamfani ya buɗe lalitarsa. Ta farko ita ce rabon kaso. Yawancin tsare-tsare suna biyan kashi 100 na rigakafi, wato dubawa da wankin haƙori na yau da kullum, kashi 80 na ƙananan ayyuka irin su ciko, kashi 50 na manyan ayyuka. Wani kamfanin yana sa tiyatar dasashi a sahun kashi 80, wani a sahun kashi 50. Ta biyu ita ce kuɗin fari, galibi dala 50, da mutum zai biya da kansa kowace shekara kafin kamfani ya fara. Ta uku jira: sabon mai kati kan jira wata 6 zuwa 12 kafin a yarda a biya masa babban aiki. Ta huɗu ƙa'idar maimaici, don da yawa ba sa biyan tiyata a rubu'i guda fiye da sau ɗaya cikin shekara uku, ko da naman ya sake tsirowa, abin da kan faru ga wanda ba zai iya barin maganinsa ba.

Ƙofa ta biyar ita ta fi ƙunci: iyakar shekara. Yawancin tsare-tsare ba sa biya wa mutum fiye da dala 1,000 zuwa 2,000 a shekara, komai yawan aikin da yake bukata. Wannan iyaka ba ta motsa sosai ba tun shekarun 1970, alhali dala 1,000 ta farkon waɗancan shekaru ta fi dala 7,000 ta yau. Inshorar lafiya ta jiki tana sa iyaka ne a kan abin da majinyaci zai biya, sauran kamfani ya ɗauka. Inshorar haƙori ta juya abin: iyakar a kan kamfani take, sauran majinyaci ya ɗauka.

Mu ƙaddara mutum mai kati mai iyakar dala 1,500. An yi masa wankin haƙori mai zurfi a rubu'i huɗu, kowane dala 250, jimla 1,000. Ya biya 50 ta fari, kamfani ya biya kashi 80 na ragowar, wato dala 760. Saura 740 a asusun shekara. Sai aka ce rubu'i biyu na bukatar tiyata, kowane dala 1,000. Kashi 50 na 2,000 dala 1,000 ne, amma 740 kaɗai ta rage, ita kamfani zai bayar. A ƙarshe, cikin dala 3,000 na aikin duka, mai kati ya biya 1,500 daga aljihunsa, ban da kuɗin wata-wata. Shi ya sa masu dabara kan raba aikin gida biyu, rubu'i ɗaya a Disamba, ɗayan a Janairu bayan an sabunta iyaka, in dai likita ya ce jinkirin ba zai cutar ba. Wasu kuma sai su nufi asibitin makarantar koyon aikin haƙori, inda ɗalibai ke aiki ƙarƙashin idon malamai a farashi mai sauƙi.

Magani ko kwalliya

Duk waɗannan ƙofofi sai an fara tsallake wata tambaya: don me za a yanke? Akwai masu zuwa a rage musu dasashi don kawai in sun yi murmushi nama ya fi haƙori fitowa. Bakin lafiya lau, ado ake nema, kamar mai zuwa a sassaƙa masa wushirya. Wannan babu inshorar da ke biya, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Matsalar ita ce wuƙar ɗaya ce, yankan ɗaya ne, lambar ma ɗaya ce. Abin da ke raba magani da kwalliya a idon kamfani shi ne hujjar da likita ya aika: takardar awon aljihu mai nuna milimita 4 ko 5 zuwa sama, gwargwadon ƙa'idar kamfanin, da hoton ƙashi, da hoton bakin kansa, da bayanin cewa dasashin na zubar da jini, ko yana hana tauna, ko yana hana wanki, ko wani magani ne ya jawo shi. Ashe lambobin nan da likitar ke kira a bakin Kawu, biyar, shida, bakwai, su ne shaidunsa a kotun inshora.

'Yar Yaya a nan ta faɗi. An yi aikin kafin a nemi amincewar kamfani a rubuce, kuma takardar da aka aika ba ta ɗauke da awo ba. Da a ce asibitin ya fara aika ƙiyasin kuɗi da hujjoji, kamar yadda tsarin can ya ba da dama, da an san matsayin kamfani kafin a taɓa yarinya, da kuma an samu damar ɗaukaka ƙara da cikakkun takardu.

Yadda aka raba baki da jiki

Wannan rabuwa tana da tarihi. A 1840 aka buɗe makarantar koyon aikin haƙori ta farko a duniya a birnin Baltimore, a ware da makarantar likitoci. Tun daga nan sana'o'in biyu suka kama hanya daban-daban: makaranta daban, lasisi daban, ƙungiya daban. Da inshora ta zo, sai ta bi sawun da ta tarar. Inshorar haƙori ta Amurka ta samo asali ne a 1954, lokacin da ƙungiyar 'yan dakon tashoshin jiragen ruwa na gaɓar yamma ta cimma yarjejeniya da masu kamfanoni don kula da haƙoran 'ya'yan ma'aikata. Daga ƙungiyoyin da aka kafa don wannan aiki a jihohin Washington da Oregon da Kalifoniya ne kamfanin inshorar haƙori na Delta Dental ya tsiro. Tun asali ɗan tallafi ne na ma'aikata don rigakafi da ciko, ba garkuwa ce daga babban ciwo ba.

A 1965 aka kafa Medicare, inshorar gwamnati ta 'yan shekara 65 zuwa sama, kuma dokar ta fitar da aikin haƙori ƙarara, har da sassan da ke riƙe da haƙori, wato har da dasashi. A 2023 aka sassauta, aka yarda a biya aikin haƙorin da ya zama dole kafin manyan ayyuka irin su dashen gaɓa ko sauya bawul ɗin zuciya. Medicaid, ta masu ƙaramin ƙarfi, wajibi ne ta kula da haƙoran yara, amma na manya kowace jiha da abin da ta ga dama. Ko wajibcin ma ba ya nufin samun likita. A Fabrairun 2007 wani yaro ɗan shekara 12 a jihar Maryland, Deamonte Driver, ya rasu bayan ƙurjin haƙori ya kai masa ƙwaƙwalwa. Cire haƙorin da bai fi dala 80 ba zai iya hana abin, amma jinyarsa ta asibiti ta ci kusan dala 250,000. Ƙwayar cuta ba ta san an raba kati ba.

Ingila ta bi wata hanya. Da aka kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948, aikin haƙori kyauta ne. Jama'a suka yi dafifi neman haƙoran roba har gwamnati ta sa musu kuɗi a 1951, abin da ya sa Aneurin Bevan, wanda ya kafa hukumar, ya ajiye muƙaminsa na minista. A yau aikin haƙori na NHS a Ingila mataki uku ne, kowane da kuɗinsa tsayayye. Tiyatar dasashi tana mataki na biyu tare da ciko da cire haƙori, wanda aka tsayar a fam 73.50 a Afrilun 2024. Yara da masu juna biyu ba sa biya. Araha kam akwai, sai dai samun likitan da ke karɓar sababbin majinyata a wannan tsari ya zama jan aiki a garuruwa da dama, kuma su ma ba sa biyan kwalliya.

A gida

A Najeriya an yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005. A Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta NHIA, ta kuma mai da inshorar lafiya wajibi ga kowa. Jihohi ma suna da nasu, irin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano. A takarda, mun fi Amurka a abu ɗaya: ba a raba katin baki da na jiki ba. Ƙananan ayyuka irin su dubawa, wankin haƙori, ciko da cirewa suna cikin tsarin. Dashen haƙori, da sa masa hula, da fararta shi, da duk aikin kwalliya suna waje. Aikin ƙwararru kuwa sai asibitin da mutum ya yi rajista ya tura shi, sai kuma kamfanin da ke tsakani, wato HMO, ya ba da lambar amincewa. Tsare-tsaren kamfanoni masu zaman kansu su ma kan sa wa aikin haƙori iyakar naira a shekara, tamkar na Amurka.

Amma mafi yawan mutane ba su da kati ko ɗaya. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita kai tsaye, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a Yulin 2024. Likitocin haƙori kaɗan ne, sun kuma taru a manyan birane. Ƙwararrun dasashi sun fi ƙaranci, sai an nufi manyan asibitocin koyarwa irin na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, inda farashi kan fi na asibitocin kuɗi sauƙi amma layi ya fi tsawo. Mutumin ƙauye mai kumburin dasashi kan jure ne har haƙori ya girgiɗe, sannan a cire, don cirewa ita ce aikin da aljihu ke iya ɗauka.

Mu a Arewa ba mu da uzurin ɗaukar dasashi a matsayin abin ado. Cutar noma, mai zaizaye baki da fuskar ƙananan yara masu fama da tamowa, daga kumburin dasashi take farawa. A Sakkwato akwai asibiti sukutum da aka kafa dominta a 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci kiran da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023.

Kafin wuƙa ta taɓa

Wanda likita ya ce za a rage masa dasashi, a ko'ina yake, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi tun yana kan kujera. Me ya jawo kumburin? Shin wanki mai zurfi da canjin magani za su iya rage shi kafin a kai ga yanka? Haƙora nawa ne, rubu'i nawa? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da hoto, allura, magani da komawa dubiya? Me za a rubuta a takarda a matsayin dalili, kuma an haɗa da awo da hoto? In akwai kati, a nemi amincewa a rubuce kafin a fara, a kuma riƙe kwafin kowace takarda da rasidi. Bayan aiki kuma, buroshi da makilin safe da dare, da asuwakin da muka gada, su ke hana a dawo kujerar.

Kawu ya bi matakan likitar ɗaya bayan ɗaya. Likitan hawan jini ya canza masa magani zuwa wani jinsi. Aka yi wanki. Bayan kamar wata uku, kumburin baya ya saɓe da kansa, ya rage ƙullutun gaba na ƙasa, wanda ya riga ya yi tauri. Aikin da muka zaci na baki duka ne ya koma na haƙora shida. Kati ya ɗauki wanki, ya ɗauki sabon magani, Kawu na cika kashi 10 na kuɗinsa. Da aka zo kan tiyata, sai wani matashi a teburin inshora ya duba takarda ya ce, "Baba, wannan ai gyaran murmushi ne." Likitar ta sake rubutu, ta haɗa da lambobin awo, da hoto, da sunan maganin da ya jawo abin. Aka ce mu jira lamba. Muka jira mako biyu, muka shiga na uku, ga bikin autar Kawu ya ƙarato. Yaya ya turo kuɗi daga Bronx, aka yi aikin ranar wata Talata, bai kai awa ɗaya ba. Lambar amincewa ta iso bayan an ciro abin da aka liƙa a kan ciwon. Takardar neman a mayar da kuɗin tana nan cikin ledar magunguna, Kawu ya ce ba zai bari ba, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ranar ɗaurin aure ya zauna a tsakiyar abokansa, an ajiye faifan goro, ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya kai baki. Wani ya tsokane shi cewa an ce ya je gyaran murmushi da tsufansa. Kawu ya ƙyaƙyace da dariya irin ta da, bai kare baki ba. Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa haƙorin Makkansa.

"Wannan shi ne kwalliya, kuma da kuɗina na sa shi, ban roƙi kowa ba. Amma naman da maganinsu ya tsirar mini, in ba jikina ba ne, to na wane ne?"